Laifin da Baba Ya Nema a Jikin Wuƙa

Allah ya karɓi ran Baba ranar wata Laraba da hantsi, a ɗakinsa na Unguwar Shanu a Kaduna, kuma kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Daga gare Shi muka zo, gare Shi kowa zai koma. Ni ce 'yarsa ta biyu, kuma ni ce mai bakin gidanmu, wannan kowa ya shaida. Na ɗauki biro ne don na ga yadda ake saurin shafe mutum. Yau ana kuka, bayan arba'in sai a koma cewa "marigayi mai washin wuƙa", kamar iyakar abin da ya yi a duniya ke nan.

Masu ta'aziyya kowa da irin tasa. Mahauta sun zo a ayari sun cika layinmu, babbansu ya ce wa Yaya, wato wana, "Shi ke nan, sai mu koma wa injin washin nan mai cinye ƙarfe." Wata tsohuwa daga bayan masallaci ta shigo cikin gida, ta zauna gaban Inna ta yi kuka mai isarta, sannan ta zaro wuƙar girkinta daga cikin zani ta nuna mana. Wai washinsa na ƙarshe ne a jikinta, ko albasa ba za ta ƙara yankawa da ita ba. Tsofaffin mafarautan da suka yi daji da shi kuwa tabarma ɗaya suka haɗu a kai, can gefe, ba su cika magana ba. Ɗayansu ne ya ja Yaya gefe ya tambaye shi a hankali, "Don Allah, kafin ya cika, bai faɗi wadda ta fi ba?" Wai a cikin wuƙaƙe yake nufi. Da Yaya ya gaya mini sai da dariya ta kuɓuce mini a tsakiyar makoki, Gwaggo ta bi ni da harara.

Mutum ɗaya ne bai zo ba a kwana biyun farko, kuma shi kaɗai nake dubawa. Muna kiran sa Baban Mando, don a unguwar Mando yake zaune yanzu. Kirista ne, mutumin kudancin Kaduna, da can maƙwabcinmu ne katanga ɗaya, kuma Baba bai taɓa yin aboki kamarsa ba. Shekara talatin ke nan bai tako gidanmu ba.

Kwana biyu kafin Baba ya rasu ya sa aka fita aka bar mu mu biyu. Ya laluba ƙarƙashin matashi ya ɗauko wata wuƙa mai naɗewa, mai zobe a bayanta, wadda na sani tun ina yarinya. Ya sa mini ita a hannu ya danne da nasa.

Ya ce, "Ki kai wa Babanku na Mando. Ki ce na duba, ban gano ba. Ki ce ya yafe mini, kada in tashi da hakkinsa a wuyana."

Na ce to, don ba a musu da marar lafiya. A raina kuwa na ce ba inda za ni. Mutumin da ya yi shekara talatin bai leƙo ba, ni zan bi shi har gida in durƙusa? Amma da aka fita da makara sai tsoro ya kama ni. An koya mana tun muna Islamiyya cewa hakkin mutum ba ya sauka sai mai shi ya yafe. Baba yana kwance a ƙasa, saƙonsa kuma yana ɗaure a bakin zanina.

Sana'ar Baba washi ce. A zaurenmu yake zama, da dutsensa da ya lotsa a tsakiya, da gwangwanin ruwa, da wani tsohon benci na katako. Hannunsa na hagu daga wuyan hannu zuwa gwiwa ba gashi ko ɗaya, don a nan yake gwada kaifi. In Babbar Sallah ta matso, matan da mazansu suka mutu ba sa ko tambaya, aiko da wuƙaƙensu kawai suke yi. Cewa yake wuƙa marar kaifi azabtar da dabba ce, kuma ba zai zauna a unguwa ɗaya da wannan alhakin ba.

Amma abin da ya fi so a duniya yana cikin wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin bencin. Wuƙaƙen farauta ne masu naɗewa, irin waɗanda ake jefawa a aljihu ba sai da kube ba. In aka zo tambayarsa a kansu, to ranar abincinsa sai ya huce. Zai shimfiɗa buhu ya jera su, ya ɗauki ɗaya ya ɗan buga bakinta da farce, ya kara a kunne kamar mai sauraron rediyo.

"Wannan ta maƙera ce," in ji shi, "daga sifirin mota aka ƙera ta. Ba ta da makulli, ba ta kuma taɓa ce maka tana da shi ba. Kana riƙe da ita kana tsoronta. Shi ya sa ba ta cika yankan mai ita ba."

Sai ya ɗauko wata mai ƙotar tagulla, wadda sojoji ke dawowa da ita in sun je aiki waje. Makullinta a baya yake, wai ko jaki ya taka ta ba za ta rufe ba. Sai dai nauyinta na yaga aljihu, ƙarfenta kuma taurin kai gare shi, in ta dakushe maka a daji sai ka dawo gida. Masu sheƙin nan na samarin yanzu, da ake buɗewa da babban yatsa, su ne abin tsokanarsa. "A waya suka gan ta," yakan ce. "Ba ta tsatsa, gaskiya ne. Amma ta feɗe zomo biyu ta gaji, sai ka lallashe ta."

Na taɓa tambayarsa me ke sa wata wuƙar ta yi farin jini wata kuma a manta da ita, alhali duk yanka suke yi. Ya ce kaɗan ne a ciki aikin ƙarfe. Akwai wadda ake so don kowane dutsen bakin rafi yana tayar mata da kaifi. Akwai wadda ake so don ƙarar buɗewarta kawai, namiji ya buɗe a cikin mutane a waiwayo. "Amma yawanci mutane ba ƙarfe suke bi ba, mutum suke bi. A ga wuƙa a hannun wanda ya dawo da barewa, gobe kowa ita yake nema, alhali ƙafarsa da idonsa ne suka kawo barewar. Sai kuma baki. Mutum ɗaya da aka yarda da shi ya ce wannan ce, shi ke nan an gama." Daga nan ya fara mayar da su akwati.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, duk wannan bayanin ba ya taɓa ƙarewa da zaɓi. Mutum zai zauna awa biyu, a ƙarshe ya ce, "To Malam, wacce zan saya?" Baba ya ce, "Ai na nuna maka. Hannunka ne, ba nawa ba."

A kan haka muka yi faɗa, faɗan da har yanzu yake cin raina. Maigidana ne ya rufe shagonsa a Kinkinau ya zo takanas, yana son wadda zai riƙa tafiya da ita gona. Baba ya jera, ya yi bayani, ya ƙi zaɓa. Shi suruki ne, kunya ta hana shi matsawa. Ni kuwa ina bakin ƙofa, na kasa haɗiyewa.

Na ce, "Haba Baba! Mijin 'yarka ne fa. Ka ce masa ga ta mana, me zai ragu a jikinka?"

Ya ce, "Na taɓa zaɓa wa wani."

Na ce, "Shekara nawa ke nan? Shi yana can Mando yana cin tuwonsa ya manta da kai, kai kana nan kana goyon abin kamar jariri."

Ya dube ni kawai, ya ci gaba da naɗe buhunsa. Na yi sati uku ban je gidan ba, don ni ma na gaji zuciya. A sati na huɗu sai ga Inna ta zo mini da ƙunshi. Wuƙaƙen kicin ɗina ne, ashe maigidana ya kwashe ya kai wa Baba ban sani ba, an wasa su har suna ɗaukar ido. Bai aiko da magana ko ɗaya ba. Ban taɓa ba shi haƙuri a kan maganar nan ba, ina ta cewa sai an samu lokaci.

Abin da ya faru tsakaninsa da Baban Mando, rabi na gani, rabi Inna ta ba ni. Baban Mando akawu ne a wani ofishin gwamnati, tafireta yake bugawa, kuma an ce yatsunsa ba a ganin su don sauri. Ranar Asabar sukan tafi farauta tare, can dajin da ke bayan Mando, wanda yanzu ba mai shiga. Tsarinsu ɗaya ne kullum. Baban Mando ya fi iya harbi da ɗana tarko, Baba kuma shi ne mai yanka, don naman ya halatta ga gidajen biyu. Duk abin da ya mutu kafin Baba ya iso ya zama mushe a wurinmu, kuma Baban Mando ba ya yarda ya ci abin da abokinsa ba zai ci ba. Zuciya da hanta a gidanmu ake soyawa, a miƙa musu ta kan katanga.

A lokacin, mai zobe ce ke tashe, kuma bakin Baba ne ya tashe ta. Wuƙa ce marar kwalliya, ƙotar katako, baƙin ƙarfe mai saurin tsatsa amma mai karɓar washi. In kana buɗe ta tana bin haƙora, kar, kar, kar, sai a ƙarshe ta ce ƙas, ta kulle. Ba ta komawa sai ka ja zoben. Mafarautan yankinmu har "irin ta Malam" suke ce mata. Baba da kansa ya zaɓo wa abokinsa ɗaya a kasuwa, ya ce masa, "Wannan ba ta rufewa a hannu, in dai ka ji ƙas."

Wata Asabar suka tarar tarko ya kama gada, igiyar ta zarge mata wuya tana shure-shure. Baba yana can nesa. In ta shaƙe ta mutu, ta zama mushe. Sai Baban Mando ya ruga yana ƙwala wa Baba kira, ya zaro wuƙar, ya cusa ta ƙarƙashin igiyar da ƙarfi don ya tsinke ta. Wuƙar ta rufe a kan yatsunsa. Biyu aka cire a asibiti, na uku ya sandare. Tafireta ta ƙare daga ranar. An mayar da shi ɗaukar fayil, daga baya ya ajiye aikin.

Inna tana wurin a asibiti lokacin da Baba ya sunkuya ya tambaye shi, "Ka ji ƙas?" Ya ce, "Na ji. Kai ka ce ba ta rufewa." Matar Baban Mando tana zaune tana kuka. Baba ya ɗauki wuƙar da jininta ya sa a aljihu ya taho gida.

Cikin wata ɗaya mai zobe ta mutu a kasuwa. Waɗanda jiya suke rantsuwa da ita suka koma kiran ta mai cin yatsa, wasu suka jefa tasu a masai. Baba bai sake zuwa daji ba, bai kuma sake ce wa kowa ga wadda zai saya ba. Bayan shekara guda Baban Mando ya kwashe iyalinsa ya koma Mando, ko sallama ta kirki ba a yi ba.

Abin da na tashi da shi a kunnena shi ne wannan. Kullum in Baba ya dawo daga sallar asuba, kafin ya karya, sai ya zauna a zaure ya ɗauko wuƙar. Kar, kar, kar, ƙas. Sai ya juya ta ya buga bayan bakinta a gefen benci, sau uku, da ƙarfi, ya ga ko za ta rufe. Ya ja zoben, ya sake. Ya kwance ta ya ɗaura ba adadi, ya gwada ta da mai, ya gwada ta da yashi a ciki, ya jiƙa ta, ya shanya ta. Gefen bencin nan har ya yi rami. Ko sau ɗaya ba ta rufe ba, kuma ko sau ɗaya bai fasa ba.

Washegarin rasuwarsa, muna zaune da Inna bayan asuba, gari ya fara haske, wallahi na ji ta daga zaure. Kar, kar, kar. Na taɓa bakin zanina, wuƙar tana nan a ɗaure. Na dubi Inna. Ba ta ɗago daga carbinta ba ta ce, "Ni ma ina ji. Kunne ne ya saba." Abin da ya tayar mini da tsigar jiki shi ne ban ji ƙas ɗin ba. Na zauna ina jira har rana ta fito.

Ranar sadakar uku na yanke shawara in an watse zan tafi Mando, ko da zai kore ni. Sai ga shi da kansa, wajen ƙarfe sha ɗaya, ya sauko daga Keke yana dogara sanda. Da ƙyar na gane shi, ya tsufa ya rame. Ya gaisa da maza a waje, ya tsaya daga bakin labule ya yi wa Inna gaisuwa, ya ce Ubangiji ya ta'azantar da mu. Da ya juyo na tare shi a zaure, ba kowa sai mu biyu.

Na ce, "Baba, ina kwana. Ya muka ji da haƙuri?"

Ya ce, "'Yata, ke ce kika girma haka? Haƙuri sai godiya."

Ban tsaya dogon zance ba, don ina tsoron bakina. Na kwance wuƙar na miƙa masa da hannu biyu, na faɗi saƙon kamar yadda aka ba ni. Ya duba, bai gano ba. A yafe masa.

Bai karɓa nan da nan ba. Ya zauna a kan bencin, hannunsa ya faɗa cikin ramin nan na gefe, ya shafa shi. Sannan ya karɓi wuƙar, ya riƙe ƙotar da guntun hannunsa na dama, ya ja bakin da hagu a hankali. Kar. Kar. Kar. Sai ya tsaya.

Ya ce, "A nan na tsaya."

Na ce, "Ban gane ba, Baba."

"Ban ji ƙas ba, 'yata. Ban jira ba. Gadar tana mutuwa, ina sauri kada ta zama mushe Malam ya rasa rabonsa. Na sani tun kafin jinin ya zuba." Ya share ido da bayan hannu. "Da ya tambaye ni a asibiti, maman yara tana zaune. In na ce ban ji ba, ni da kaina na yanke yatsun da ke ciyar da 'ya'yana ke nan. Sai na ce na ji. Na ce gobe zan gyara maganar. Goben ba ta zo ba."

Na ce, "Shekara talatin! Ka san abin da yake yi kowace safiya a kan bencin nan?"

Ya ce, "Na sani. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Shekara guda ina jin sa kowace asuba. Kina tsammani me ya kore ni Mando?"

Na buɗe baki, abubuwan da suka zo mini ba na faɗa wa sa'an uba ba ne, na haɗiye su da ƙyar. Na tuna amana aka ba ni, ba shari'a ba. Na ce, "Saƙo aka aiko ni da shi. Ya ce ka yafe masa."

"Me zan yafe? Me ya yi mini?"

"Ka dai faɗa, in sauke."

Ya dubi dutsen washin. Sannan ya ce, "Na yafe, duniya da lahira." Ya ɗago ya dube ni. "To ni fa? Wa zan roƙa yanzu?"

Ya ajiye wuƙar a kan benci yadda take, ba a buɗe ba ba a rufe ba, ya ce ba zai iya tafiya da ita ba. Na raka shi har bakin titi, na tsayar masa da Keke, don Baba ba zai so in bar shi ya tsaya a rana ba.

Da na dawo na tarar da Inna a zaure, ta fito da hijabin takabarta. Ashe duk ta ji ta bayan labule. Ina jira in ga ta fashe da kuka ko ta yi Allah ya isa, sai na ga ko mamaki ba ta yi ba.

Na ce, "Inna, kin ji fa. Mutumin da ya san ƙarfe kamar Baba, a ce shekara talatin bai gane wuƙar nan lafiyarta ƙalau ba?"

Ta ce, "Tun shekarar farko na tambaye shi. Na ce, Malam, anya mutumin nan ya bari ta kulle kuwa?"

"Me ya ce?"

"Ya ce, 'Ya ce ya ji. In wuƙar nan ba ta da laifi, abokina ya yi mini ƙarya ke nan. Bari dai in ƙara dubawa.'"

Ta ɗauki wuƙar daga kan bencin, ta tura bakin da tafin hannunta har ya kai ƙarshe. Ƙas. Sannan ta ja zoben ta rufe ta, ta sa a cikin akwatin tare da sauran.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya duba masa kamar yadda ya duba wa abokinsa.